Yadda Ake Hasashen Wanda Zai Lashe Zaɓen Fidda Gwani na Shugaban Ƙasa

Duk lokacin da kakar siyasa ta ƙarato a Najeriya, akwai tambayar da ba ta barin majalisun hira da shirye-shiryen rediyo, wato da za a haɗa wane da wane a jam'iyya ɗaya, wa zai ɗauki tikiti? Yawancin masu amsawa sukan kafa hujja da cikar filin taro, ko da yawan ƙuri'un da gwaninsu ya samu a babban zaɓen da ya wuce, kuma a nan ne lissafinsu yake karkacewa tun kafin a je ko'ina. Zaɓen fidda gwani yana da nasa masu zaɓen da nasa ƙa'idojin, kuma wanda yake son hasashensa ya yi kusa da gaskiya dole ne ya fara da sanin waɗanda za su jefa ƙuri'ar, sannan ya gano wanda suke jin maganarsa. Matakan da ke tafe an gina su ne a kan abin da ya faru a zaɓukan fidda gwani na manyan jam'iyyun ƙasar daga 1999 zuwa 2022.

Mataki na farko: daidaita tambayar

Kafin a taɓa alƙaluma, a rubuta sharuɗɗan karawar da ake hasashe. A wace jam'iyya za a yi ta, kuma jam'iyyar tana mulki ne ko tana adawa? Su biyu ne kaɗai a fili ko akwai wasu? Sannan a tambaya ko akwai shugaban ƙasa mai ci a cikinsu, domin idan akwai, aikin ya kusa ƙarewa. Tun daga 1999 babu shugaban ƙasa mai ci da ya nemi tikitin jam'iyyarsa aka hana shi. Obasanjo ya kayar da Alex Ekwueme a 2003, Goodluck Jonathan ya kayar da Atiku Abubakar da ƙuri'u 2,736 a kan 805 a Janairun 2011, Buhari kuwa ko abokin karawa bai samu ba a 2018. Hasashe yana da daɗi ne idan kujerar ba ta da mai ita, ko kuma a jam'iyyar adawa.

Mataki na biyu: gano tsarin da za a bi

Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 84, ta ba jam'iyyu hanyoyi uku: zaɓen 'yar tinƙe wanda duk ɗan jam'iyya mai rajista yake da ƙuri'a, zaɓen daliget wanda wakilai kaɗan suke yanke hukunci a babban taro, da maslaha, wadda dokar ta ce sai duk 'yan takarar da aka tantance sun amince a rubuce. Majalisa takan taɓa dokar zaɓe kusan kowace kaka, saboda haka wajibi ne mai hasashe ya karanta wadda take aiki a shekarar da yake magana a kai, ya kuma karanta ƙa'idojin da uwar jam'iyya ta fitar.

Abin da ya faru a 2022 ya isa ya nuna nauyin wannan mataki. A da, babban taron jam'iyya yakan cika da wakilan da muƙaminsu ne ya ba su ƙuri'a, kamar gwamnoni, 'yan majalisa na da da na yanzu, da shugabannin jam'iyya a matakai daban-daban. Sabuwar dokar ta zo da wani ƙaramin sashe da ya taƙaita ƙuri'a ga zaɓaɓɓun wakilai kaɗai. Da 'yan majalisa suka farga cewa sun cire kansu da hannunsu, sai suka yi gaggawar gyara sashen, amma Shugaba Buhari bai sa hannu ba kafin a yi tarukan. Sakamakon haka, PDP wadda wakilanta suka haura 3,000 a Fatakwal a 2018, ta taru a Abuja a 2022 da wakilan da ba su kai 800 ba. Duk ɗan takarar da ya shekara yana zawarcin tsofaffin sanatoci da tsofaffin 'yan majalisar wakilai, ya wayi gari abokan nasa 'yan kallo ne.

Idan tsarin 'yar tinƙe ne, kada a ɗauka cewa farin jini ne zai yi aiki kai tsaye. Sai a tambaya wa ke riƙe da rajistar 'yan jam'iyya, wa ke naɗa jami'an da za su ƙirga layi a mazaɓu, kuma a ina za a tattara sakamako. A 2018 APC ta sanar da cewa Buhari ya samu ƙuri'u sama da miliyan 14 a irin wannan zaɓe, alhali a babban zaɓen da ya biyo baya, wanda kowa da kowa yake da damar jefa ƙuri'a, miliyan 15 da 'yan kai ya samu. Mai hankali ya san yadda zai auna irin waɗannan alƙaluma.

Mataki na uku: zana teburin wakilai

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma ba ya buƙatar komai sai takarda da biro. A 2022 an raba wakilai ne bisa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar, inda PDP ta ɗauki ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC kuma ta ɗauki uku, wanda ya ba da 2,322. Rabon ƙananan hukumomin a shiyyoyi shi ne: Arewa maso Yamma 186, Kudu maso Yamma 137, Kudu maso Kudu 123, Arewa ta Tsakiya tare da Abuja 121, Arewa maso Gabas 112, Kudu maso Gabas 95. Arewa ke nan tana da 419, Kudu 355.

A lura cewa wannan rabo bai damu da yawan jama'a ko yawan masu rajistar zaɓe ba. Legas, wadda ta fi kowace jiha yawan masu rajista, ƙananan hukumomi 20 gare ta, ba ta kai Jigawa mai 27 ba, balle Katsina mai 34 ko Kano mai 44. Bayelsa kuwa 8 ne kacal. Haka kuma rabon bai damu da ko jam'iyyar tana cin zaɓe a jihar ba, domin wakilin APC daga jihar da ba a taɓa ba jam'iyyar ƙuri'ar kirki ba, nauyinsa ɗaya ne da na wakilin jihar da ta fi kowa kawo mata ƙuri'u. A jera jihohi 36 da Abuja a gefen hagu na takarda, a rubuta adadin wakilan kowacce, a bar gurabe huɗu a gaba: na ɗan takara na farko, na na biyu, na sauran, da na waɗanda ba a san inda suka dosa ba.

Mataki na huɗu: gano mai wakilan kowace jiha

Wakili ba ya faɗowa daga sama. Ana fitar da shi ne a ƙaramin taron jam'iyya na ƙaramar hukuma, kuma wanda yake riƙe da shugabancin jam'iyya a jiha shi ne yake rubuta sunayen. Inda jam'iyya take da gwamna, gwamnan ne, shi yake ɗaukar nauyin motocin da za su kai su, shi yake kama musu masauki, kuma sau da yawa ba sa ganin wani ɗan takara sai da izininsa. Sakamakon 2022 ya nuna haka ƙarara. A PDP, Gwamna Bala Mohammed na Bauchi ya samu ƙuri'u 20, ƙananan hukumomin Bauchi kuma 20 ne. Udom Emmanuel na Akwa Ibom mai ƙananan hukumomi 31 ya samu 38. A APC, David Umahi ya samu 38, wakilan Ebonyi kuwa 39 ne. Kusan ana iya faɗin abin da waɗannan gwamnoni za su samu tun kafin a buɗe akwati.

Amma kada a ba gwamna duka wakilansa ido rufe. Kogi tana da wakilai 63 a taron APC, Yahaya Bello ya tashi da 47. Kuros Riba tana da 54, Ben Ayade ya samu 37. Ƙuri'ar a asirce ake jefa ta, kuma akwai wakilin da zai ci abincin gwamna da rana ya yi abin da ransa yake so da dare. A nawa lissafin, nakan ba gwamna mai ƙarfi kashi huɗu cikin biyar na wakilansa, gwamnan da yake rigima da sanatocinsa kuwa nakan rage masa zuwa kashi biyu cikin uku.

Inda aikin yake da wuya shi ne jihohin da jam'iyya ba ta da gwamna, kuma a nan ne masu hasashe da yawa suke yin sakaci. A Mayun 2022 PDP tana da gwamnoni 13, kuma idan aka haɗa ƙananan hukumomin jihohinsu, 275 ne. Ma'ana, kusan wakilai 500 suna jihohin da babu gwamnan da zai ba su umarni, suna hannun tsofaffin gwamnoni, tsofaffin ministoci, masu neman takarar gwamna, da shugabannin jam'iyya na jiha. Ɗan takarar da ya daɗe yana hulɗa da irin waɗannan mutane, yana halartar ɗaurin aurensu da ta'aziyyarsu, yana kuma taimaka wa ofisoshin jam'iyya a lokacin da babu gwamnati, shi ne mai rinjaye a wurinsu. Wannan ne ya sa a jam'iyyar adawa tsohon ɗan siyasa mai jama'a a ko'ina yake iya kayar da gwamna mai ci, kamar yadda Atiku ya yi a Fatakwal a Oktoban 2018, inda ya samu 1,532, Gwamna Aminu Tambuwal na Sakkwato ya samu 693, duk da cewa mai masaukin baƙi, Gwamna Nyesom Wike na Ribas, yana bayan Tambuwal. Wannan kuma ya isa amsa ga masu ɗora hasashensu kacokan a kan garin da za a yi taro.

Sai a duba jihohin da jam'iyya ta dare gida biyu, a bi shari'arsu. A Kano an yi ta taƙaddama tsakanin ɓangaren Ganduje da na Shekarau a kan shugabancin APC, har Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɓangaren gwamna a Mayun 2022. Wakilai 132 ne suka rataya a kan wannan hukunci, adadin da ya fi na Legas da Ogun a haɗe.

Mataki na biyar: raba 'yan takarar gaske da masu jiran ciniki

Ba duk wanda ya sayi fom ne yake neman kujerar ba. A 2022 fom ɗin APC naira miliyan 100 ne, na PDP miliyan 40, amma mutane sun yi ta saye, domin fom yana ba mutum kujera a teburin sasanci, inda ake maganar mataimaki, minista ko shugabancin majalisa. Ga kowane ɗan takara na uku da na huɗu, a tambaya: idan dare ya yi ya ga ba zai kai ba, wa zai janye wa, kuma wakilansa za su bi shi?

A dandalin Eagle Square a Yunin 2022, mutum bakwai ne suka hau mumbari suka janye wa Bola Tinubu, cikinsu har da Godswill Akpabio, Kayode Fayemi, Ibikunle Amosun da Gwamna Badaru na Jigawa. Tasirin irin wannan janyewa ya wuce adadin wakilan mai janyewar, domin tana sanar da wakilan da suke ɗari-ɗari inda iska take kaɗawa, kuma babu wakilin da yake son ya koma gida a ce ya bi wanda ya faɗi. Tinubu ya tashi da 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152. Wakilan Kudu maso Yamma gaba ɗaya 411 ne, kuma ya raba su da Osinbajo, saboda haka aƙalla ƙuri'u 860 daga wasu shiyyoyin suka zo masa. Abin ba sabo ba ne, domin a taron SDP na Jos a 1993 ma janyewar Atiku ce ta buɗe wa Abiola hanya a kan Babagana Kingibe. Har a Amurka, inda jama'a ne suke zaɓe jiha bayan jiha, janyewar Buttigieg da Klobuchar a farkon Maris na 2020 ce ta taimaka wajen tattara wa Biden ƙuri'un da suka ba shi rinjaye a kan Sanders a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Democrat.

Mataki na shida: auna karɓa-karɓa da maganar dattawa

Karɓa-karɓa tsakanin Arewa da Kudu ba ta cikin kundin tsarin mulkin ƙasa, kuma ƙarfinta ya dogara ne ga waɗanda suka tsaya mata. Idan masu wakilai ne suka tsaya mata, tana yanke hukunci. Ana gab da taron APC na 2022, shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya gabatar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha, amma gwamnonin APC na Arewa suka dage cewa mulki ya koma Kudu, kuma maganarsu ce ta tabbata. Idan kuwa dattawa ne kaɗai suka yi magana, sai a yi taka-tsantsan. A ƙarshen 2010 kwamitin Malam Adamu Ciroma ya fitar da Atiku a matsayin ɗan takarar Arewa daga cikin shi da Janar Babangida da Janar Aliyu Gusau da Bukola Saraki, amma da aka je taro, wakilan jihohin Arewa da yawa gwamnoninsu suka bi zuwa wurin Jonathan. Saboda haka duk sanarwar maslaha da aka ji, a koma tebur a ƙirga wakilai nawa ne suke hannun waɗanda suka sa mata hannu.

Mataki na bakwai: sa kuɗi a gurbinsa

Babu mai musun cewa kuɗi yana yawo a waɗannan taruka. A 2022 Mohammed Hayatu-Deen ya janye daga takarar PDP yana kukan yadda kuɗi ya mamaye ta, kuma an ga jami'an EFCC a wurin taron. Sai dai a wajen hasashe, kuɗi sharaɗin shiga fili ne, ba shi kaɗai yake raba gardama tsakanin manya biyu ba, tun da dukansu suna da shi, kuma wakili yana iya karɓa daga hannu uku ya jefa wa ɗaya. A yi amfani da shi wajen cire waɗanda ba za su iya zagaya jihohi 36 ba, da kuma wajen raba wakilan da ba su da uban gida. A kuma tuna cewa idan wakilai suka yi kaɗan, farashin kowannensu yana tashi.

Akwai kuma lokacin da yunwar mulki take rinjayar aljihu. A Disambar 2014 a Legas, Buhari ya fito fili ya ce ba shi da kuɗin da zai raba wa wakilai, amma ya samu 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, Rochas Okorocha 624. Gwamnoni da jiga-jigan APC sun yi lissafin cewa mutumin da ya samu ƙuri'u sama da miliyan 12 a 2011 ba tare da wani tsari mai ƙarfi ba, shi ne zai iya kayar da PDP. A nan ne kaɗai farin jini yake shiga lissafin zaɓen daliget, wato ta hanyar abin da masu wakilai suke ganin zai amfane su a babban zaɓe. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta intanet da hayaniyar sojojin baka kuwa, a ajiye su gefe.

Mataki na takwas: gwada lissafin a kan karawar da ba a yi ba

Hanyar da ta fi dacewa a koyi wannan aiki ita ce a ɗauki zaɓen da aka san sakamakonsa, a sauya abu ɗaya, a ga abin da zai biyo baya. A taron PDP na 28 ga Mayun 2022, Atiku ya samu 371, Wike 237, Saraki 70, bayan Tambuwal ya janye wa Atiku a kan mumbari. Magoya bayan Wike sun daɗe suna cewa da ba don wannan janyewa ba da gwaninsu ne ya ci. Tazarar 134 ce, saboda haka sai Tambuwal ya zare ƙuri'u 135 daga na Atiku kafin Wike ya hau gaba. Sakkwato tana da 23, ke nan yana buƙatar wasu 112 daga waje, mafi yawa daga cikin 163 da suka rage a Arewa maso Yamma, inda Atiku da Saraki da Wike duk suke farauta. Mai goyon bayan Wike zai ce a 2018 Tambuwal ya samu kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'u, wanda a taron 2022 zai kama 160, ya haura abin da ake buƙata. Amsar ita ce wani kaso mai kauri na ƙuri'un 2018 Wike ne da abokansa suka kawo masa, kuma a 2022 waɗannan suna cikin 237 ɗin Wike tun asali. Hukuncina shi ne Atiku zai ci da ƙaramar tazara, kuma da za a ce in sa adadi, zan ba shi biyu cikin uku, in bar wa Wike ɗaya. Haka ya kamata a riƙa rubuta hasashe, da nauyin yiwuwa da kuma sharaɗin da zai iya rushe shi, tare da ranar da aka yi shi, domin tebur yana sauyawa da sauya sheƙar gwamna ɗaya.

Gwaji na biyu ya fi wannan jan hankali. Peter Obi ya fice daga PDP kwanaki kaɗan kafin taron, to da ya tsaya fa? Kudu maso Gabas tana da wakilai 95, kuma ko da ya kwashe su duka bai kai rabin abin da Wike ya samu ba. Ba zai ma kwashe su ba, domin gwamnonin Enugu da Abiya, masu wakilai 34 a tsakaninsu, suna tare da Wike, Anyim Pius Anyim kuma yana cikin takarar, ya samu 14. Abin da ya rage masa shi ne wani ɓangare na 21 ɗin Anambra, da tsintar ɗai-ɗai a Imo da Ebonyi da wasu jihohin Kudu. Ba shi da gwamna ko ɗaya, kuma shugabannin jam'iyya na jihohin Arewa ba a hannunsa suke ba. A teburin da aka zana bisa waɗannan matakai, mafi girman abin da za a rubuta masa shi ne kokawa da Saraki a kan matsayi na uku, a ƙasa da ƙuri'u 100. Wata tara bayan haka, a jam'iyyar Labour, mutumin nan ya samu ƙuri'u sama da miliyan 6 a babban zaɓe, har ya kayar da Tinubu a Legas.